Ra'ayi: Tuƙin motar share dusar ƙanƙara aiki ne na gaske, amma ba shi ke kai mutum Kanada ba

A makon jiya wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke kabu-kabu a Maraɗi, ya turo mini hoto ta WhatsApp da tsakar dare. Wata ƙatuwar mota ce da fitilu a ka, tana ture dusar ƙanƙara a kan titi. A ƙasan hoton an rubuta da Faransanci cewa Kanada na neman direbobin share dusar ƙanƙara cikin gaggawa, albashi miliyan 2 na sefa a wata, ga gida ga biza, kuma ba a tambayar diploma. Abin da ake so kawai shi ne hoton fasfo da jika 800 na "buɗe dosiye". Sai ga saƙon muryarsa ya biyo baya: "Yaya, don Allah duba mini wannan. In gaskiya ne zan saida babur, Inna ta ce za ta cika mini da kuɗin tumakinta."

Na ce masa kada ya taɓa babur, kada kuma ya bari a kai tunkiya ko ɗaya kasuwa. Amma na san ba shi kaɗai ya samu wannan hoto ba. Duk lokacin da hunturu ya kawo jiki, irin waɗannan tallace-tallace sukan cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na matasan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Abin da ya sa suke kama mutane shi ne rabinsu gaskiya ne. Aikin yana nan, ana neman masu yinsa, ana kuma biyansu. Ƙaryar tana wurin da aka ce shi ne zai ɗauko ka daga nan ya kai ka can. Ra'ayina shi ne wannan aiki na wanda ya riga ya zauna a ƙasar ne, mai takardun zama da lasin tuƙin ƙasar. Ga ɗan'uwanmu da ke can, dama ce da bai kamata ya raina ba. Ga wanda ke nan gida aka ce ya biya kuɗi a ba shi ita, tarko ne.

Bari mu fara da girman aikin, domin mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin mukan ɗauka wasa ne. Birnin Montreal da ke lardin Kebek, inda ake magana da Faransanci kuma inda ƴan Afirka ta Yamma da yawa suka fi sauka, yana samun dusar ƙanƙara kimanin mita 2 a shekara. Tituna da hanyoyin masu tafiya a ƙafa da ake sharewa sun kai kilomita 10,000, kuma birnin na kashe kusan dalar Kanada miliyan 200 kowace shekara a kan wannan aiki kaɗai. Idan aka yi babbar zuba, mutane wajen 3,000 da motoci sama da 2,000 ke fita. A watan Fabrairun 2025 an zuba fiye da santimita 70 cikin kwana huɗu, sai da aka kwashe kwanaki ana aiki dare da rana kafin unguwanni su buɗe. A can, idan waɗannan direbobi ba su fita ba, motar asibiti ba ta isa ga marar lafiya, yara ba sa zuwa lakwal, kasuwa ba ta ci.

Aikin kuma hawa-hawa ne. Da farko akwai masu watsa gishiri da tsakuwa, waɗanda ke fita tun kafin titi ya daskare. Sai masu turewa, da wata irin garma ta ƙarfe a gaban mota, suna tara dusar a gefen hanya. Idan ta taru da yawa sai a zo kwasa: a kafa alamun hana ajiye mota, a janye motocin da aka bari, sannan wata na'ura mai zuƙa ta bi layin tana feso dusar cikin manyan tifofi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, su kai ta juji na musamman. Wannan na'ura ma wani ɗan Kebek ne mai suna Arthur Sicard ya ƙera ta a 1925.

Watsa gishirin ma ilimi ne. Gishiri na hana ruwa daskarewa da wuri, amma idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri ƙarfinsa na raguwa sosai, sai a koma ga yashi da niƙaƙƙen dutse ko wasu sinadarai. Direba na bin umarnin yawan da zai watsa a kowane yanki, saboda idan ya yi kaɗan motoci za su zame, idan ya yi yawa an yi asarar kuɗi an kuma ɓata ruwa da ƙasa. Kanada na zuba kimanin tan miliyan 5 na gishiri a kan hanyoyinta duk shekara. Mu da muka san wahalar da ayarin raƙuma ke sha kafin kantun Bilma ya iso kasuwa, wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna mana cewa wata duniya ce daban.

To wa ake ba wannan aiki? A nan ne tallar da aka turo wa ƙanena ta fara rushewa. Mai kamfani a Kebek ba ya neman mutumin da zai koya wa tuƙi a kan ƙanƙara ranar da guguwa ta sauko. Yana neman wanda zai kira da ƙarfe 2 na dare ya iso gareji cikin ɗan lokaci, ya hau motar da kuɗinta ya fi na gidaje da yawa, ya bi lungunan da ya sani a cikin duhu, iska na kaɗa dusa har ba a ganin gaba sosai, ga motocin mutane jere dama da hagu, ga masu tafiya a ƙafa da suka rufe kai da kunne saboda sanyi. A watan Fabrairun 2009, mutum uku suka rasu a rana guda a Montreal bayan motocin kwasar dusar ƙanƙara sun take su. Wanda ya san haka ba zai miƙa makulli ga baƙon da ya sauka daga jirgi jiya ba, ko da kuwa ya shekara goma yana jan tirela tsakanin Kwatano da Maraɗi.

Sai maganar permi, wato lasin tuƙi. A Kebek hukumar SAAQ ke bayar da shi. Sabon zuwa na iya tuƙi da permin ƙasarsa na wata 6 kacal. Lardin na da yarjejeniyar musanyar permi da wasu ƙasashe irin su Faransa da Beljiyam da Jamus da Japan, amma Nijar ba ta cikinsu, don haka ɗan Nijar sai ya zauna jarrabawa. Abin da zai fara samu shi ne aji na 5, na ƙananan motoci. Babbar motar watsa gishiri ko tifa tana buƙatar aji na 3, wanda sharaɗinsa shi ne wata 24 da riƙe permin ƙaramar mota, da gwajin lafiya da na ido, da wata jarrabawar ta daban. Mai tirela kuwa aji na 1 ne, sharuɗɗansa sun fi haka tsauri. Duk wanda ya ce maka permin da ka ciro a nan zai ɗora ka kan motar share dusar ƙanƙara a makon da ka sauka, ko bai san dokar ba, ko kuma ya san ta yana so ya ci kuɗinka.

Mu zo kan kuɗi, tunda shi ne ƙugiyar. Mu ɗauka, don lissafi kawai, ana biyan direba dala 30 a awa, abin da ya kusa ninka mafi ƙarancin albashin Kebek, wanda aka kai dala 16.10 a watan Mayun 2025. Idan ya yi awa 40 kowane mako, a wata zai tashi da dala 4,800, wato kusan miliyan 2 ɗin da aka rubuta a talla. Ka ga daga inda suka samo adadin. Abin da ba su rubuta ba shi ne sama ce ke raba awannin. Makon da aka yi guguwa za ka iya yin awa 12 kullum har ka manta da kalar gadonka. Makon da ba a zuba komai ba, kana zaune kusa da waya, sai ɗan abin da aka lamunce maka a kwantiragi, idan ma an lamunce. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da Kanada ta gani tun da ta fara ajiye lissafi a 1948, kuma a irin wannan shekara mai jiran awanni shi ke fara ji a jikinsa. Daga abin da ya shigo kuma za a cire haraji, a biya hayar ɗaki wadda a Montreal ke wuce dala 1,000 cikin sauƙi, a sayi abinci da tufafin sanyi. Sannan gaba ɗaya kakar wata biyar ce, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Afrilu.

Mu mutanen wannan yanki mun san aikin kaka, domin cin rani gadonmu ne. Ana gama girbi matasa su nufi Kano ko Abijan ko Libiya, damina ta kawo kai su dawo gona. Share dusar ƙanƙara ma a waɗannan watanni yake faɗowa. Bambancin shi ne ɗan cin rani na da gonar da zai koma, kuma kuɗin mota ya isa ya maido shi gida. Wanda ya saida babur da tumaki ya tsallaka teku saboda aikin wata biyar, me zai ci a sauran wata bakwai? Ƴan ƙasar da ke wannan aiki suna da amsa: da rani su ne ke zuba kwalta, su ne ke haƙa ramuka da katafila, su ne ke gyaran lambuna, sau da yawa ma a kamfani ɗaya. Wasunsu manoma ne da ke ɗaura garma a gaban tarakta idan gona ta daskare.

Yanzu ga maganar takardu, inda ƴan damfara ke cin kasuwarsu. Kafin kamfani a Kanada ya ɗauko ma'aikaci daga waje, yawanci sai ya nemi wata takarda da ake kira EIMT da Faransanci, wadda ke tabbatar da cewa ya nema a cikin ƙasa bai samu ba. Kuɗinta dala 1,000 ne kan kowane gurbi, kamfani ke biya, kuma doka ta hana shi karɓar kuɗin daga hannun ma'aikaci. Tun watan Satumban 2022 dokar ta fito fili ta haramta wa mai ɗaukar aiki ko wakilinsa cajin ma'aikaci kuɗin samar masa aiki. Abin da kai za ka biya gwamnatin tarayyar Kanada shi ne dala 155 na izinin aiki da dala 85 na ɗaukar hoton yatsu, a shafinta na intanet, ba ta lambar wani mutum ba. A Kebek akwai ƙarin takardar lardi mai nata kuɗin. Ka haɗa su duka, ko kusa ba su kai jika 800 ba. Kuma duk mai karɓar kuɗi don ya ba ka shawarar shige da fice zuwa Kanada dole ya kasance lauya ko mai rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, wadda ke da jerin sunayensu a intanet kowa na iya dubawa.

Ƙofar ma ƙara tsukewa take. Tun watan Satumban 2024 aka dakatar da karɓar yawancin buƙatun ɗauko ma'aikata masu ƙaramin albashi a Montreal, kuma gwamnatin tarayya ta yi haka a manyan biranen da rashin aiki ya kai kashi 6 cikin 100. A watan Maris na 2025 Kanada ta cire makin da take ƙara wa masu tayin aiki a tsarinta na neman zama na dindindin, saboda yadda sayar da takardun aiki ya zama kasuwa. Ƙasar da ke rufe irin waɗannan ƙofofi ba za ta turo wakili zauren WhatsApp na Maraɗi yana neman direbobi cikin gaggawa ba.

Idan tallar ta canza riga ta ce Ingila ko Faransa, labarin bai canza ba. A Ingila hukumar manyan hanyoyi na da motocin watsa gishiri sama da 500, ƙananan hukumomi ma na da nasu, domin doka ta ɗora musu nauyin kare hanya daga ƙanƙara. Amma akasarin direbobin ma'aikatan hanya ne na dindindin da ake sa wa jadawalin jiran kira daga Oktoba zuwa Afrilu. Ana buƙatar permin babbar mota na ƙasar, da shaidar ƙwarewar direba wadda ake sabuntawa da horon awa 35 duk shekara biyar. Tuƙin babbar mota kuma ba ya cikin sana'o'in da ake ba wa bizar ƙwararru. Ko a 2021 da aka yi ƙarancin direbobi, biza 5,000 ta ƴan watanni aka buɗe, ta masu dakon abinci da man fetur. A Faransa, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, ma'aikatan hanyoyi na gwamnati da na jihohi da na ma'aikatun magajin gari ke wannan aiki da permi C, a ƙauyuka kuma doka ta yarda manoma su taimaka da taraktocinsu. Guraben wucin gadi da ake buɗewa na wanda ke zaune kusa ne, mai izinin aiki.

Na san abin da wasu matasa za su ce, domin ƙanena ma ya faɗa mini: "Ku da kuka samu abin yi kullum sai ku ce mu zauna. A nan ɗin me muke samu?" Maganarsa na da nauyi, kuma ban ce kowa ya zauna ba. Wanda ke ganin abokansa na turo kuɗi ana gina gidaje, shi kuma yana yini a rana kan babur don jika 2 ko 3, ba wa'azi yake buƙata ba. Tafiya neman arziki halal ce, kakanninmu sun yi ta. Wasu kuma za su ce sun san wanda ya biya kuɗi ya tafi, ya kuma isa. Ana samun haka. Sai dai a tambaye shi da wace takarda ya shiga, da abin da ya tarar. Wanda ya shiga da takardar bogi, ranar da aka gano ana iya hana shi shiga Kanada na shekara biyar. Wanda ya sayi ta gaskiya a ɓoye kuma yakan tarar izinin aikinsa a ɗaure yake da kamfani guda, ga bashi a wuya, ba shi da bakin yin ƙorafi. Wani mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya, Tomoya Obokata, ya yi gargaɗi a 2023 cewa irin wannan tsari na ɗaure ma'aikaci ga mai gida ɗaya na buɗe hanyar bautar zamani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, amma a nan ba kwaɗayi kaɗai ba ne, har da rashin samun labari na gaskiya.

Ga ƴan'uwanmu da ke can da takardunsu, shawarata daban ce: ku nemi aikin nan, kada girman kai ya hana ku. Da permi aji na 5 ana iya farawa da ƙananan taraktocin share hanyar masu tafiya a ƙafa ko ƙofofin gidaje, daga nan a hau zuwa aji na 3. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara nema tun Satumba ko Oktoba, lokacin da kamfanoni ke haɗa ma'aikatansu. Kafin a sa hannu a tambaya: awa nawa aka lamunce ko da ba a zuba dusa ba? Ana biyan lokacin jiran kira? Idan aka goge motar wani, wa zai biya? Akwai aiki da rani? A kuma riƙa ajiye takardun albashi, domin inshorar rashin aiki na buƙatar tsakanin awa 420 zuwa 700 gwargwadon yanki. Ɗalibai su yi hattara: awa 24 a mako aka yarda su yi aiki a wajen makaranta lokacin karatu, kuma mako guda na guguwa na iya wuce haka ya jefa takardun zamansu cikin haɗari.

Ga na gida kuma, idan da gaske injin ne ke burge ka, ka koye shi a nan. Jika 800 da za a miƙa wa wanda ba a taɓa gani ba, gara a zuba ta a permin babbar mota da koyon katafila ko gireda. Masu gina hanyoyi da ma'adinai da wuraren haƙar man fetur na buƙatar waɗannan hannaye, kuma a gabashin ƙasar nan rairayi na rufe kwalta yadda dusa ke rufe ta a can, da irin waɗannan injuna ake buɗe ta. Wanda ya shekara biyar a kan katafila, da takardun shaidar aiki da Faransanci mai kyau, idan ya tashi neman hanyar fita ta halal yana da abin nunawa. Idan tafiyar ba ta yiwu ba, sana'arsa na hannunsa.

Akwai nauyi a kan hukuma ma. Hukumar samar da aikin yi ta ANPE da ƴan sanda masu yaƙi da laifukan intanet su riƙa fitowa a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci suna bayyana yadda waɗannan tallace-tallace ke aiki, a kuma bi lambobin da ake tura wa kuɗi, tunda ƙasar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Yawancin waɗanda aka cuta kunya ke hana su magana, shi ya sa mai damfara ɗaya ke cin unguwa guda.

Nauyi mafi girma kuwa na ƴan'uwanmu mazauna waje ne. Ku ne kuke turo hoto a gaban dusar ƙanƙara da sabuwar riga, amma ba kwa turo na ƙarfe 3 na dare lokacin da yatsu suka ƙage a kan sitiyari. Ku faɗa wa ƙannenku nawa ke shigowa, nawa ke fita, shekara nawa kuka yi kafin ku samu permi. Maganarku ɗaya ta fi rubutuna goma tasiri a wurinsu.

Ƙanena dai bai saida babur ba. Na sa shi ya tambayi mai tallar sunan kamfanin da lambar rajistarsa, tun daga ranar mutumin ya daina amsa saƙo. Tumakin Inna na nan a turke, kuma mun yi da shi cewa bayan sallah zai shiga makarantar koyon tuƙin babbar mota. Allah Ya ba matasanmu abin yi na halal, a gida ko a waje.